Damargu: ƙulli biyar da ke tsare dukiya da rai a daji

A ƙasar Damargu, daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Gangara zuwa Belbeji, da wuya a sami aikin daji da ba ya bi ta kan igiya. Da ita ake ɗebo ruwa daga rijiya, da ita ake turke dabba, da ita ake ɗaure dammunan hatsi bisa amalanke da buhuna bisa kamiyo. Maharbi ma in zai fita, bayan baka da kwari, igiya ce abu na uku da yake ratayawa. Amma abin da ke riƙe da igiyar, wato ƙulli, ba a cika kula da shi ba sai ranar da ya zame guga ya tafi ƙasan rijiya, ko ya cije a wuyan ɗan maraƙi har aka rasa shi kafin a kawo wuƙa. Ƙulle-ƙulle suna da yawa ƙwarai. Tambayar da ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati mai fita rangadi ita ce: waɗanne ne suka cancanci mutum ya ɓata lokacinsa ya koya?

Ƙasar da igiya ta raya

Tanut tana kimanin kilomita 150 arewa da birnin Damagaram, bisa hanyar Agadas. Belbeji kuwa a da tana ƙarƙashin Tanut, sai a shekarar 2011 aka mai da ita gunduma mai zaman kanta. Gundumomin nan biyu su ne zuciyar Damargu, inda gonar gero ta ƙarshe take haɗuwa da makiyayar Abzinawa da Fulani.

Tun zamanin da, Damargu mashigar ayari ce. Fataken da ke tasowa daga Tarabulus su bi ta Abzin su nufi Kano, a nan suke ratsawa. A watan Janairu 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso ƙasar tare da ayarin gishiri na Abzinawan Kel Owe, kuma a ƙauyen Tagelel shi da Adolf Overweg suka rabu da abokin tafiyarsu, James Richardson. A lokacin Damargu ce rumbun Abzin: a sauke gishiri, a ɗauki gero. A cikin ƙarni na 19 kuma ƙasar ta yi suna wajen gashin jimina, wanda ake kaiwa Tarabulus, daga can ya haye zuwa Turai. Duk wannan dukiya bisa bayan raƙumi ta yi tafiya, igiyar kaba da ta fata suna riƙe da ita. Madugun da yaransa ba su iya ɗauri ba, kayansa a hanya suke ƙarewa.

Ruwa ma haka. Rijiyoyin Damargu suna da zurfi, akwai waɗanda suka haura mita 50. Hannu kaɗai ba ya iya musu, shi ya sa ake ɗaura igiyar ga raƙumi ko sa ko jakuna, ta bi ta kan wata ƴar ƙafar itace mai juyawa da Abzinawa ke kira takarkart, yaro ya kora dabbar har guga ya fito. Guga mai cin lita 40 nauyin ruwansa kilo 40 ne, ban da nauyin jiƙaƙƙiyar igiya. Ƙulli ɗaya ne ke ɗauke da wannan nauyi, sau da yawa a yini, garke kuma yana tsaye yana jira.

Igiya ta sake, hannu bai sake ba

Igiyar kakanni daga kaba ake tufka ta, ko rama, ko ɓawon kalgo da na kuka, ko fatar sa. Irin wannan igiya tana da kaushi, zarenta yana kama juna, saboda haka ko ɗauri bai yi kyau sosai ba tana rufa wa mai shi asiri. Aibinta shi ne in ta jiƙe takan kumbura ƙullin ya cije, ta fata kuwa takan saki in ta sha ruwa, ta ƙanƙance in ta bushe.

Yau abin da ya cika kasuwanni shi ne igiyar roba, da wadda ake tufkawa daga zaren tsofaffin buhuna. Tana da araha, ba ta ruɓewa, ga ƙarfi. Amma tana da santsi, kuma rana tana cinta a hankali har ta riƙa yin gari a hannu. Ɗaurin da ya riƙe igiyar kaba shekara da shekaru, in aka yi shi da ta roba yana iya silalewa a ja na farko. Mutane da yawa sun sake igiya ba su sake ɗauri ba, kuma daga nan ne yawancin hasarar take fitowa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata mai saye da mai sayarwa su sani. Kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, domin a wurin lanƙwasar zaren waje ne kaɗai ke ɗaukar nauyi. Wani ƙullin yakan ci kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinta, wani har rabi. Shi ya sa igiya in za ta tsinke, a bakin ƙulli ta fi tsinkewa. Wanda ya tara ƙulli bisa ƙulli don neman ƙarfi, rauni ya ƙara.

Ma'auni uku na zaɓe

A shekarar 1944 wani Ba'amurke mai suna Clifford Ashley ya fitar da littafi kan ƙulle-ƙulle mai ɗauke da bayani fiye da 3,800. Babu makiyayi ko maharbi ko direban da ke bukatar ko kashi ɗaya bisa ɗari na wannan. Abin da ake bukata shi ne ma'aunin zaɓe, kuma ma'aunin uku ne.

Na farko, ƙullin ya riƙe in nauyi ya hau shi. Na biyu, ya kwance in aiki ya ƙare. Bahaushe yana da suna ga wanda ya faɗi wannan jarrabawa, ɗaurin kawo-wuƙa, kuma duk ranar da aka kawo wuƙa igiya ta rage tsawo. Na uku, hannun da ya gaji ya iya yin sa cikin duhu, ko cikin ƙurar hunturu, ko dabba tana fizge-fizge. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta, in ji masu iya magana, kuma maganar ta hau kan igiya daidai.

Ƙulli biyar ne suka cika waɗannan sharuɗɗa, kowane da aikinsa. Sunayensu sun bambanta daga gari zuwa gari da kuma daga harshe zuwa harshe, don haka an kira su a nan da aikinsu, an haɗa da sunan Faransanci saboda wanda zai nemi zanensu a littafi. A cikin bayanin, uwar igiya ita ce dogon ɓangaren da nauyi ke kansa, baki kuwa shi ne ƙarshen da hannu ke sarrafawa.

Na ɗaya: ƙawanya marar zargewa

Wannan shi ne wanda Faransawa ke kira nœud de chaise, kuma in mutum ɗaya tak zai koya, to shi ne. Yana ba da ƙawanya wadda ba ta matsewa komai ƙarfin ja. A yi ɗan ƙaramin zobe a jikin uwar igiya, a zuro baki ta cikinsa daga ƙasa, a zagaya da shi bayan uwar, a mai da shi cikin zoben ta inda ya fito, sannan a ja.

Shi ya dace da wuyan dabba. Tunkiya ko maraƙin da aka yi wa talala da zarge, in ya firgita ya ja, igiyar shaƙe shi take yi, kuma iyakar jansa iyakar matsewarta. Da wannan ƙulli ƙawanyar tana nan yadda aka auna ta. Shi ne kuma na ɗaura igiya ga motar da ta kafe cikin rairayi, domin ko bayan ja mai tsanani, ana tura ɗan kunnen da ke bayansa ya saki.

In mutum ne za a zura rijiya don yasa ko ciro guga, a bar baki mai tsawo, a ƙara ƙulle shi a jikin ƙawanyar, musamman da igiyar roba, saboda wannan ƙulli yakan sassauta in ana girgiza shi babu nauyi a kansa. Kada kuma a bar mutum yana reto da igiya ɗaya a ƙarƙashin hammata, domin tana danne ƙirji ta hana numfashi. A yi masa wurin zama, a sa igiya ta biyu a hannun wasu mutanen dabam.

Na biyu: ƙullin masaƙa

Igiyar rijiya mai zurfi ba kullum take zuwa guda ba, sau da yawa sai an haɗa biyu ko uku, wata ta fi wata kauri. A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa. Ƙullin da kowa ya saba da shi, wanda ake ɗaure ƙunshi ko bakin zane da shi, Faransawa na ce masa nœud plat, yana da kyau a wurinsa. Amma in aka haɗa igiya biyu da shi aka ɗora nauyi, yakan kife, ɗaya ta zare daga cikin ɗaya. Ashley kansa ya yi kashedi mai ƙarfi a kan haka, saboda rayukan da wannan kuskure ya ci.

Abin da ya dace shi ne ƙullin da masaƙa ke haɗa zaren da ya tsinke da shi, nœud d'écoute ko nœud de tisserand. A ninka bakin igiyar da ta fi kauri. A zuro siririyar ta cikin ninkin, a zagaya da ita bayan ƙafafun ninkin duka biyu, sannan a cusa ta ƙarƙashin kanta. Alamar an yi daidai ita ce bakunan biyu su fito ta gefe ɗaya. In igiyar roba ce, ko bambancin kaurin ya yi yawa, a zagaya sau biyu kafin a cusa. Wannan ƙarin zagaye ɗaya shi ne tsakanin a shayar da garke da kuma a kwana ana neman ƙugiyar ciro guga.

Na uku: naɗi biyu da harɗe biyu

Wannan na ɗaura igiya ne ga turke, ko kututture, ko itacen bakin rijiya. Da Faransanci tour mort et deux demi-clés. A naɗa igiyar sau biyu a jikin itacen. Sannan a zagaya baki bisa uwar igiya a zura shi cikin ɗan zoben da ya samu, wannan shi ne harɗe ɗaya, a sake na biyu ta fuska ɗaya da na farko.

Sirrinsa yana cikin naɗin. Naɗi biyun nan su ke shanye ƙarfin ja, har yaro yana iya tsai da bijimi da su kafin ya gama ɗauri. Harɗen aikinsa kawai ya hana baki komawa. Saboda haka ana iya yin sa ana kuma iya kwance shi alhali nauyi yana kan igiya, abin da ƙulli na ɗaya ba ya yarda da shi. Maharbin da zai rataye salka ko nama a reshe don tsare shi daga dila da kare, wannan ne nasa. Yana da ɗan'uwa mai saurin yi, nœud de cabestan, wanda ya dace da sandunan rumfa da na bukka, amma yakan zame in sandar tana juyawa, don haka ba a amince masa da dabba.

Na huɗu: ɗaurin fizge

Akwai wuraren da saurin kwancewa ya fi ƙarfin riƙo muhimmanci. Raƙumin da aka gurfanar aka ɗaure masa gwiwa, jakin da aka tsayar a kasuwa, bakin salka da ake buɗewa sau goma a yini, duk suna son ɗaurin da fizga ɗaya ke warwarewa. Dabarar mai sauƙi ce: a harɗe na ƙarshe, maimakon a zura bakin igiya gaba ɗaya, sai a ninka shi a zura ninkin, a bar bakin yana lilo. In an ja bakin, ɗauri ya tafi.

Ranar da wutar daji ta taso, ko dabba ta faɗi igiya ta naɗe mata ƙafa, wannan ɗauri shi ke ceto. Sai dai jaki da akuya sukan koyi jan bakin da haƙori. Maganin haka a zura bakin sako-sako cikin ninkin, in za a kwance a fara zare shi. Ba a ɗaure kayan mota da shi, ba a kuma rataya ran mutum a kansa.

Na biyar: ɗaurin direbobi

Wannan ya fi shafar ƴan kasuwa. Kayan da aka ɗora a Belbeji ko Tanut za su sha girgiza kafin su kai Damagaram ko Agadas, kuma ƙarfin hannu kaɗai ba ya matse buhu talatin. Yaran mota suna da dabararsu. A ɗaure baki ɗaya a ƙugiyar mota, a jefa igiya bisa kaya. A ɗaya gefen, sama da ƙugiya da kamar kamu biyu, a yi ƴar ƙawanya a jikin igiyar. A zagaya baki ta ƙugiya, a mai da shi sama ta cikin ƙawanyar, a ja ƙasa. In ta matse, a danne wurin da yatsu, a rufe da harɗe biyu.

A lissafi wannan dabara tana ninka ƙarfin mai ja sau uku, ko da yake gogayyar igiya da igiya tana cinye wani kashi mai yawa. Abin da ya rage ya isa ya sa mutum ɗaya ya yi aikin biyu. Gogayyar nan kuwa tana cin igiyar roba, saboda haka a riƙa sauya wurin ƙawanyar. Bayan an ɗan taɓa tafiya kaya sukan zauna igiya ta yi sako-sako, direba mai hankali yakan tsaya ya ƙara matsewa. Amalanke da kat-kat ɗin ma'aikata duk wannan ɗauri ne nasu.

Zarge da halin da farauta ke ciki

Mai karatu zai lura ba a sa zarge cikin biyar ɗin ba, alhali shi ne ƙullin da aka fi sanin maharba da shi. Da zargen gashin wutsiyar doki ake kama tsuntsaye. Akwai kuma tsohon tarkon nan da aka sani a faɗin Sahara, zoben itace mai tsinke-tsinke da ake ɗorawa bisa ɗan rami, zarge a kansa, gungume a ƙarshen igiya, barewa ta taka ƙafarta ta maƙale. Sana'a ce ta gado, ta ciyar da gidaje a lokacin da dajin yake cike.

Dajin ya sake. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da faɗaɗar gonaki, da farauta cikin mota da bindiga, sun share mafi yawan manyan namun. Mariri, wanda a da yake yawo garke-garke a arewacin Damargu, a shekarar 2000 ƙungiyar UICN ta bayyana cewa ya ƙare a daji, sai a 2016 aka fara mai da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace. Jiminar da ta yi wa Damargu suna ta kai ga sai da aka kafa mata wurin kiwo a Kelle, cikin gundumar Gure, don kada irinta ya ɓace. A 2012 aka kafa gandun Tarmit da Tin-Tumma a gabas. A yamma kuma, gandun Gadabeji, wanda aka kafa tun 1955, ya karɓi raƙuman dawa 8 a 2018.

Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ɗora farauta a Nijar bisa izinin hukuma da lokutan da aka buɗe, ta kuma jera dabbobin da aka hana taɓawa ɗungum. Zarge kuwa ba ya karanta doka. Abin da ya taka shi yake kamawa, ko mai ciki ce, ko dabbar da aka hana, ko akuyar maƙwabci, kuma rigingimu da dama tsakanin mai tarko da makiyayi daga nan suke tashi. Wanda ke da niyyar ɗana tarko ya fara zuwa wurin ma'aikatan gandun daji ya ji abin da aka halatta. Sauran jama'a kuwa su san zarge don su gane shi in sun gan shi a wuyan dabba ko a ƙugun mai shiga rijiya, su sa a sake.

Haka nan akwai wani ɗaurin da maharba da manoma suka gada wanda likitoci suka hana, wato ɗaure hannu ko ƙafa tamau bayan saran maciji. Hukumar lafiya ta duniya ta yi kashedi a kansa, domin yana tsai da jini har naman ya mutu, wani lokaci a kai ga yanke gaɓar. Abin yi shi ne a cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai mutum asibiti.

Yadda ake koyo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Igiya mai tsawon gaba ɗaya da ƙafar kujera sun isa makaranta. A ɗauki ƙulli ɗaya a mako, a yi ta maimaita shi har hannu ya iya ba tare da ido ba, sannan a wuce na gaba. Cikin mako biyar an gama. Kowane ƙulli in an yi shi a daidaita shi, a ja kowane ɓangare ya zauna wurinsa kafin a ɗora nauyi. A bar baki mai tsawon tafin hannu ko fiye. Bakin igiyar roba a ƙona shi kaɗan don kada ya warware, in ba a aiki da ita a ajiye ta a inuwa, wadda ta fara gari kuwa a raba ta da rijiya.

Malaman wannan ilimi suna nan kusa: masu yasar rijiya, da tsofaffin madugai, da masaƙa, da yaran mota a tasha. Ɗan kasuwar da ke sayar da igiya zai ƙara wa kansa masu ciniki in yana nuna wa mai saye ƙullin da ya dace da ita. Malamin makaranta da ma'aikacin kiwo da na gona, waɗanda ke shiga ƙauyuka da rugage, suna iya koya wa yara biyar ɗin nan cikin ƴan kwanaki, kuma yaran su ne masu kora dabba a bakin rijiya tun da asuba.